A Mitron Alƙahira, Mai Kara Shi Ke Kwana A Tasha

Duk ɗalibin da ya taso daga Kano ko Damagaram ko Kumasi ya zo karatu Azhar, akwai darasi guda da ba ya cikin manhaja, kuma ba shehi ke ba da shi ba. A ƙarƙashin ƙasa ake ɗaukarsa, a bakin ƙofar jirgin nan da Misirawa ke kira mitro. Darasin kuwa gajere ne: karar da iyaye suka sha wahala suka cusa maka tun kana goye, nan ba wurinta ba ne.

Jirgin ba ɗan yau ba ne. A 1987 aka buɗe layin farko da taimakon Faransawa, shi ne kuma irinsa na farko a duk faɗin Afirka, kuma Bamisire ba zai bar ka ka sauka ba ka san da haka ba. Layin ya taso daga Helwan a kudu ya miƙe har El Marg a arewa, kilomita 44, tasha 35. Sunansa dai jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma 'yan tashoshin tsakiyar gari ne kaɗai ke cikin rami. Sauran tafiyar a sarari yake yin ta, rana na dukansa, kai kuma kana ƙirga zannuwan gadon da aka shanya a barandar mutane. Layi na biyu ya soma aiki a 1996, shi ne daga baya ya nutsa ta ƙarƙashin Kogin Nilu ya ɓulla Giza. Na uku, wanda aka buɗe a 2012, shi ne ɗan gata mai sanyin na'ura, shi ne kuma namu, tunda yana bi ta Abduh Basha da Abbasiyya, unguwar da masaukin ɗaliban waje na Azhar yake.

Har sunayen tashoshin karatu ne. In ka nufi arewa daga Dandalin Tahrir, tarihi baya yake komawa: ka shiga a Sadat, minti kaɗan ka iso Nasir, ka wuce ka tarar da Urabi na zamanin yaƙi da Turawan Ingila. Ta gaba da su a da Mubarak ake ce mata. Da aka yi juyin 2011 aka kankare sunan aka rubuta Shuhada. Darasi ga masu son a sa wa gada ko kasuwa sunansu: fenti ba ya da tsada.

To a wannan tasha ta Shuhada, ƙarƙashin Dandalin Ramsis, inda layi biyu suka haɗu kuma jiragen ƙasa na Iskandariyya da Aswan ke juye mutane a sama, nan ake gane wanda ya ci abincin safe. Hankali ya ce mai fita ya fita, sannan mai shiga ya shiga. An ma yi alamu don haka. Amma da ƙofa ta buɗe, runduna biyu ce ke karo ƙirji da ƙirji, kowace ta rantse ɗayar ce ta tare hanya. Wani ƙanenmu da bai daɗe da zuwa ba ya tsaya a nan da farar shaddarsa mai guga. Jirgi ya tsaya, ya ga dattijo a bayansa, ya ja gefe ya ce bismillah. Dattijo ya shige. Bayan dattijon akwai wani dattijon, bayan shi akwai wata tsohuwa da kwandon burodi a ka, bayanta kuma samari goma da ba a yi wa bismillah ba amma suka karɓa. Ƙararrawa ta yi kuka, ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi ya bar shi da tarbiyyarsa. Haka na biyu. A na uku ne wani mai tausayi ya dafa bayansa da hannu biyu ya tura shi ciki yana cewa ka yi haƙuri ya shehi, sai haka. Hularsa ta riga shi shiga.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne abin da ke biyo baya. Mutumin nan da ya kafa maka gwiwar hannu a haƙarƙari a bakin ƙofa, da zarar ya sami wurin zama ya zama ɗan'uwanka na jini. Ya ɗago ya ga kana tsaye da jakar littattafai, sai ya miƙo hannu ya fizge ta ya ɗora a cinyarsa. Ka zabura za ka yi ihun ɓarawo, ashe taimako ne, haka ake yi. Benci an yi shi don mutum huɗu, amma sai a muskuta a ce zo ka zauna, ka dubi wurin ka ga ko littafin Ajrumiyya ba zai shiga ba, a nace, ka zauna, rabinka a kan benci rabinka a kan wani ma'aikacin gidan waya. Da tsakar safiya an danna mu kamar goro a huhu, amma in tsohuwa ta shigo sai ka ga an sami saurayin da ya tashi, ko wanda aka tayar da harara. Yaƙin na ƙofa ne kawai. A ciki zumunci ne, har ya so ya yi yawa.

Na ce ya so ya yi yawa, don a tarago ba ka da sirri. Ka buɗe wayarka, mutum uku ne ke karanta saƙon tare da kai. Ganin Hausa ce ba ya sa su janye, sai ma su ƙara matsowa. Wani ya taɓa nuna mini ƙugiyar da ke kan ƙa ya tambaye ni ko gilashin wayar ne ya tsage. Ka kuskura ka tambayi mutum guda tashar da za ka canza layi, to ka buɗe majalisa. Wannan ya ce Ataba, wancan ya ce Nasir ta fi kusa, na uku ya ce ai tun farko bai kamata ka shigo jirgi ba, da ƙaramar bas ka hau. Su kaure da gardama a tsakaninsu, su manta da kai, tashar taka ta wuce.

Sarauta kuwa kyauta ake naɗa ta. Tsakanin Abbasiyya da Ataba, tafiyar da ba ta kai shan shayi ba, an kira ni basha, an kira ni dakta, an kira ni injiniya, an kira ni kyaftin, wani ma ya kai ni Makka ya dawo da ni alhaji. A gida sai ka yanka sa ka tara makaɗa kafin a ba ka ɗaya daga ciki. Nan ya ishe ka ka taka wa mutum ƙafa.

Mu ma muna da abin da muke ba su dariya da shi. Ɗalibinmu ya zo da Larabcin littafi, wanda ya sha bulala a kansa a zaure, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe a tsaye. Ya buɗe baki ya tambayi hanyar Ramsis, sai tarago ya yi tsit, don jama'a sun ɗauka an soma huɗuba. In ya dire, ba a rasa shaƙiyyin da zai ce sadaƙallahul azim. Shi kuma a ransa yana jin tausayin mutanen da suka mai da jimun ga, suka haɗiye ƙafun gaba ɗaya. Kowa yana ganin ɗan'uwansa ne bai iya Larabci ba, kuma a haka ake sauka lafiya.

Daga nan sai tambayar asali. Sudan? A'a. Somaliya? A'a, Najeriya. Nan take za ka san ƙungiyar ƙwallon mutum ba tare da ka tambaya ba. In ya dafe ƙirji ya ce Amunike, ɗan Zamalek ne, kuma ya manyanta, don tun farkon shekarun 1990 Emmanuel Amunike ya yi musu wasa. In ya ce Ajayi, ɗan Ahli ne. In duka biyun suna tarago guda, ka ja bakinka ka yi shiru, ka ce kai karatun fiƙihu ka zo yi. 'Yan'uwanmu na Nijar su kam kullum cikin bayani suke, cewa ƙasarsu daban, Najeriya daban. Bamisire ya gyaɗa kai ya ce ya gane sarai, sannan ya tambaye su labarin Legas.

Ga 'yan tallan cikin jirgi kam na sara. Doka ta hana, amma doka ba ta hawan jirgi. Saurayi zai shigo da jakar leda, ya tsaya a tsakiya, ya gyara murya ya yi sallama, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe ya ce wannan a kanti fam kaza ne, amma yau saboda ku. Ya zaro kokwamba daga aljihu ya fere ta a gabanku, ya yanka ta fure-fure, ɓawon na zuba cikin tafin hannunsa, jirgi na jijjiga amma ko yatsa bai yanke ba. Wani salon ya fi wannan wayo: mai alƙaluma ko safa ko alawa zai bi layi yana ajiye wa kowa ɗaya a cinya, bai ce da kai uffan ba, ya je ƙarshen tarago ya juyo yana kwashewa. Ɗan gari ya san dokar wasan: kada ka taɓa, kada ka kalla, ka bar abin a gwiwarka ka zuba wa silin ido. Bahaushe kuwa an ajiye masa abu a cinya, kunya ta kama shi. Ya ɗauka ya juya, ya ce Allah ya sa albarka, ya laluba aljihu. Ku je ɗakin kowane ɗalibinmu a shekararsa ta farko, za ku tarar da tocila huɗu da abin fere dankali, alhali ko tukunya bai mallaka ba.

Faɗa ma da tsarinsa. A tsofaffin taragun layin farko, inda fanka ke juya iska mai zafi daga wannan kai zuwa wancan, taga kaɗai ta isa ta haɗa rigima: wannan ya buɗe, wancan ya ce ƙura. Murya ta hau, jijiyar wuya ta tashi, a tambayi juna ka san ko ni wane ne. Baƙo ya soma neman inda zai ɓuya, don a garinsu in murya ta kai nan sai a asibiti. Sai wani dattijo daga can gefe ya ce ku yi wa Annabi salati. Dole kowa ya amsa, kuma ba a salati da zagi a numfashi guda. Wani ya kamo kan ɗayan ya sumbata, a ce shi ke nan, a miƙa wa juna sigarin da ba halin a kunna. Kafin tasha ta gaba sun haɗu sun koma zagin tsadar rayuwa.

Tsadar kuwa ta shafi jirgin kansa. Sama da shekara goma tikiti fam 1 ne, ko ina za ka. A 2017 ya koma fam 2, a 2018 aka soma lissafi da yawan tashoshi, daga nan kuma ya riƙa hawa. Har yau akwai dattijan da ke miƙa kuɗi a tagar tikiti suna yi wa fam ɗayan nan addu'ar da ake yi wa mamaci. A tagar ma layi sunansa layi ne kawai. Kana dab da isa wani zai miƙo kuɗinsa ta saman kafaɗarka ya ce haɗa da nawa, Allah ya ji ƙan mahaifanka. Wa zai ƙi bayan an ambaci mahaifa?

A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla. Mace tana da damar shiga ko'ina, namiji ne aka yi wa iyaka. Uwargida ta ce can ciki kasuwa ce da ɗakin shawara: ana sayar da ɗan kwali da janbaki, ana miƙa jariri daga cinya zuwa cinya, kuma matar da ba ta taɓa ganinki ba za ta gaya miki yaronki bai sha isasshen ruwa ba. Ni abin da na gani da idona daga waje shi ne namijin da ya sheƙo a guje, ƙararrawa na kuka, ya faɗa ƙofar da ta fi kusa, ya ɗago kai ya ga inda yake. Ba a buƙatar ɗan sanda. Kafin tasha ta gaba an karanta masa tarihin tarbiyyarsa tun daga kakanni, ya fito yana ba bango haƙuri.

Da azumi tarago kan koma makarantar allo, kowa da ɗan Alƙur'aninsa a hannu ko a waya, leɓe na motsi. Wannan ba ya hana gwiwar hannu aiki a ƙofa, musamman in la'asar ta yi sanyi kowa na tseren riskar buɗa-baki a gida. Ana kiran magariba kuwa sai ka sami benci guda kai kaɗai, har ka rasa yadda ake zama a kai.

Fita ita ce jarrabawar ƙarshe, kuma tun saura tasha ake shirinta. Za ka ji an taɓa kafaɗarka an ce za ka sauka? In ka ce a'a, sai ku yi musayar wuri, ciki na gogar ciki, kowa na ba kowa haƙuri. In ka ce e, to ka ɗauki alkawari, don mutum takwas sun jeru a bayanka sun dogara da kai. Ko ka tuna ba nan ce tasharka ba, an gama magana, da kai za a fita. Tikitin kuma a riƙe shi da kyau, don sai da shi ƙarfen fita ke sakin mutum.

Saboda haka iyaye da 'yan'uwa na gida, ga roƙona. In ɗanku ya dawo daga Masar da digirinsa da rawaninsa, kuka ga ranar Juma'a ya sa kafaɗa yana kutsawa a ƙofar masallaci, ko ya dafa wani dattijo a layin banki ya ce baba za ka sauka, kada ku ce Azhar ce ta lalata shi, kada kuma ku kira mai ruƙiyya. Ku ba shi wata biyu, ku riƙa barinsa yana shiga mota shi kaɗai a gidan gaba, zai warware.