Jarkar Mai a Ranar Umdurman

Mu Hausawan Umdurman ba ma sayen mai da ido. In ka ga mace a Kasuwar Libiya ta sa an buɗe mata jarka, ta ɗiga man a tafin hannu, ta murza har ya yi ɗumi, ta kai hanci, sannan ta lasa ta yi shiru tana jiran abin da maƙogwaro zai ce, to tamu ce.

Rannan bayan la'asar muna zaune a rumfar mai shayi, sai ga Goggo ta dawo da faɗa a bakinta.

"Ku ji mini! Farar jarka, ratali 36, an jere ta bakin titi tun hantsi rana na dukanta, wai sabon man gyaɗa ne daga El Obeid. Ina lasawa maƙaƙi ya kama ni kamar na haɗiyi ƙaiƙayi."

Baba mai agashe ya ajiye kofinsa. "Hajiya, gyaɗar Kordofan ba ta da laifi, ajiya ce. Ni ko yajina in ya yi wata a leda, warin nan nake ji, don ƙuli-ƙuli ma da sauran mai a jikinsa. Mu muka kawo agashe ƙasar nan, har sunan namu ne, ba zan bari tsohon yaji ya zubar mana da mutunci ba."

Sai 'yar Malam, wadda ta yi karatun aikin gona a Shambat, ta matso da kujerarta. Ta ce, "Goggo, iska ce ke cin mai. Oksijin da muke shaƙa shi ke kama kitsen gyaɗa. Da fari ba wari ba ɗaci, ɓarnar a ɓoye take. Daga baya abin da ya haɗu ya farfashe, ya saki sinadaran da ake kira aldehayid, su ne hanci ke kamawa. Haske na zuga aikin, zafi ma haka: duk ƙarin digiri 10, saurinsa kan kusan ninkawa. Ga shi a watan Mayu garin nan na wuce digiri 40. Gwangwani mai tsatsa da ludayin jan ƙarfe su ma 'yan zuga ne."

"Ashe kakata ta sani," in ji Goggo. Kakar tata da ƙafa ta zo kan hanyar Makka, bayan mutanen Mai Wurno da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903. A ƙaramin tulu take zuba mai, ta toshe bakin da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado inda ƙasa ke da sanyi. Man riɗin Gadarif kuwa, wanda raƙumi ke juya turmin matsarsa, takan ce ya fi haƙuri. 'Yar Malam ta gyaɗa kai, ta ce riɗi na da nasa garkuwa, sesamol da 'yan uwansa, shi ya sa yake daɗewa.

Ni abin da ya fi damuna ba na 'yan kasuwa ba ne, namu ne na gida. Mun gama suyar ƙosai ko ɗa'amiyya, man ya yi duhu yana kumfa, gobe sai mu tuttula sabo a kai mu ce mun yi tattali. Kamar yadda ake zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ta kwana ta yi tsami, haka tsohon mai ke zama iri, ya ja sabon ya bi shi. Na san dalili. Tun da yaƙin Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita Kasuwar Libiya, har sojoji suka karɓe ta a Maris 2025, kowane ratali da gumi ake samunsa, zubar da shi kuwa sai mai ƙarfin zuciya. Amma yaro ya ciji ƙosai ya tofar, an yi asarar waken, an yi ta gawayin, an yi ta man duka biyu.

Mai shayi ta ce ita ligematinta, wato fankenta, a ƙaramin kasko take soyawa, da man da zai ƙare a ranar, ta tace ɓurɓushi da rariya tun yana da ɗumi. Goggo ta ɗaure bakin gyalenta, ta ce gobe da sassafe za ta koma, amma can ƙuryar shago za ta sa a ɗauko mata, ratali biyu kacal, a kwalba mai duhu.