Kamo Murya a Gajeren Zango

Kamo tasha a gajeren zango aikin yatsu biyu ne da haƙuri. Ana murɗa maɓalli sannu a hankali har murya ta fito, a ɗan gota ta, sannan a dawo tsakiya. Masu rediyon sha'awa da ke magana ta tsarin aika murya na SSB sun fi shan wuya: da an kauce kaɗan, dattijo mai furfura sai ya koma kukan agwagwa.

A unguwannin Bompai da Challawa, janareto da injin walda kan cusa ƙara cikin tasha, shi ya sa masu gadi ke ɗaura wa eriya waya, su ja benci bayan katanga kafin labaran BBC Hausa. Freedom Radio kuwa, mai zama Sharada a FM 99.5, ko rediyon da eriyarsa ta karye yakan kamo ta a unguwar.