Yadda Na Hana Samarin Arawa Zuwa Fada

Tun da na yi ritaya daga aikin koyarwa dattawan unguwarmu ta Arawa suka ɗora mini magatakardancin ƙungiyarsu, ba don wani fifikon ilmi ba, sai don ni kaɗai ne a cikinsu Allah ya hore wa kwamfutar tafi-da-gidanka, wata tsohuwa 'yar gwanjo wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun tuni, amma duk da haka muna zaman amana da ita, ba ta taɓa saɓa mini ba. Ana nan sai ta fara yi mini wa'azi kullum safiya, cewa wa'adin Windows 10 zai cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, daga nan kuma babu sauran kariya, alhali ni ban ga alamar ajali a jikinta ba.

Na kai mas'alar gaban ɗan ƙanena, wanda yake karatu a jami'a, shi kuwa ya ba da fatawa nan take cewa hijira zuwa Windows 11 ta zama wajibi. Da ya bincika sai ya tarar tsohuwar ba ta cika sharaɗi ba, domin sabon tsarin, wanda ya fito a 2021, yana bukatar wani abu da ake kira TPM 2.0, ita kuwa ko labarinsa ba ta taɓa ji ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Amma yaron ya zaro filas daga aljihu ya ce, "Baffa, akwai hila," ni kuma da na san hukuncin hila a littattafan fiƙihu sai na kau da kai, na ce bismilla.

Aiki ya kai tsakiya, allo yana gargaɗi da Turanci kada a kashe na'ura, sai aka ɗauke wuta. Abin da ya biyo baya ba zan tsawaita ba: aron janareto, sayen fetur, istigfari, da sake aikin daga farko har bayan sallar isha'i.

Da gari ya waye na tarar da gidana an sauya masa ƙofa, don maɓallin farawa, wanda shekara da shekaru yake zaune a kusurwar hagu kamar liman a mihrabi, ya yi ƙaura zuwa tsakiya, firinta kuma ta yi mini gaba. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar musiba sai da na buɗe takardun ƙungiya, waɗanda na rubuta da haruffan Rabi'at, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar don marubuta su sami ƙugiya, Allah ya saka masa da alheri. Hikimarsu ita ce sun ari mazaunin wasu alamomi, to da yake yaron ya share kome bai mayar da su ba, sai kowace alama ta dawo ta karɓi gidanta: ƙasa ta zama }asa, ɗaya ya zama ]aya, shafi ya cika da ƙahoni da baka, har maiɗakina da ta leƙo ta ja da baya tana karanta Falaƙi da Nasi, a zatonta hatimi aka jefo mana.

Ga shi kuwa ranar Juma'a za a raba sanarwar dattawa a masallatai, yaron kuma ya koma makaranta, wayarsa a kashe. Sai na yi ijtihadi irin na wanda bai kai ba, na umarci na'ura ta musanya kowace alama da harafi marar ƙugiya, ina cewa a raina ai Bahaushe ya san abin da ake nufi. Aka buga kofe ɗari a shagon bakin titi, aka raba.

Ranar Asabar da hantsi mai unguwa ya aiko kirana, na iske shi da takardar a hannu, tabarau a kan hanci, dattawa sun yi jugum.

"Malam, wane laifi sarauta ta yi muku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu ko ɗaya."

Ya karanta a hankali, yadda ake karanta shaida a gaban alƙali, cewa dattawan Arawa suna kira ga samari da su guji fada, duk wanda aka gani a wurin fada kuma za a miƙa shi ga hukuma. Na yi rantsuwa faɗa nake nufi, na shiga bayanin ƙugiya da TPM, ina yi gumi yana karyo mini, har wani dattijo mai sayar da hatsi ya nuna layin ƙarshe, inda aka ce bayan taro za a ciyar da baki, ya ce shi dai wannan sashen bai ga kuskure a cikinsa ba, kuma nasa yana nan tafe.