Wasiƙa Zuwa ga Sarƙar Kekena

Daga bawan Allah mai keke, mazaunin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, zuwa ga Malama Sarƙa, wadda mutanen ƙasar nan ke kira jinzir, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Amma ba'adu.

Abin da ya wajabta wannan takarda shi ne kukan da kike yi tun daga ƙofar gida har kasuwar Sinnar, kukan da ya sa yara ke sanin zuwana tun ba su hangi rawanina ba. Na kai ƙararki gaban mai gyaran keke, ya ɗora miki ma'auni, ya ce cikakkun gaɓoɓinki 12, waɗanda haƙƙinsu inci 12 ne cif, sun soma ƙetare haddi, kuma ranar da ƙarin ya kai ɗaya bisa takwas na inci sai jana'iza, domin daga nan haƙoran faranti za ki shiga ci.

Da aka bi bahasin illar, sai hukunci ya juyo kan masu ƙara. Al'adar mutanenmu ce duk wanda ya ji kukanki ya tsiyaya miki baƙin man da aka juye daga injin lori ko famfon ban-ruwa, wani ma, saboda tsananin karamci, man riɗi yake ba ki, wanda ba ya daɗewa sai ya zama danƙo. Alhali kuwa ƙasar Jazira, wadda aka tsattsaga da magudanai saboda auduga tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, baƙar laka ce da rani ke mayarwa gari, in guguwar habub ta taso ƙura ta sami mai ta liƙe, ta kutsa tsakanin ƙusa da zobenta, tana niƙa ki a ɓoye duk juyin feda. Mu a wurinmu turɓaya abin taimama ce idan ruwa ya faskara, ke kuwa a mazhabarki babu najasar da ta fi ta kauri.

Saboda haka ga fatawar da na yanke: kaki ne zai maye gurbin mai. Ranar Juma'a bayan la'asar zan kwance ki, in jefa ki cikin gwangwanin kananzir, in girgiza, in zubar, in sake, har sai ya fito garau; sannan wankan ruwan zafi da sabulu, domin kaki ba ya kama jikin da ke da sauran maiƙo; sannan shanya a rana har ki bushe ƙarau, abin da ranar ƙasar nan ba ta taɓa yin rowarsa ba. Bayan ɗahara ta inganta, sai in narkar da kyandir a gwangwanin da aka tsoma cikin tukunyar ruwan zafi, ba bisa garwashi kai tsaye ba, don kada gyaran keke ya koma gobara, in nutsar da ke ciki ina motsawa har kumfa ta daina tasowa, alamar kakin ya kori iska ya shiga lungunanki. In kin huce a rataye za ki sandare, kada ki firgita, gaɓa-gaɓa zan tanƙwara ki. Daga ranar kin shiga zuhudu: babu sheƙi, babu ƙamshin mai, amma ƙura za ta zo ta rasa madafa.

Ina yi miki wannan hidima ne don zumuncin baƙunta. Kakanninmu da ƙafa suka zo, bayan yaƙin Burmi na 1903, bisa jagorancin Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Kakarki kuwa Hans Renold ne ya ƙera ta a Mancesta ta Ingila a 1880, yankin da masaƙunsa suka daɗe suna lashe audugar da muke tsinka.

Sharaɗi biyu gare ni. Na farko, in damina ta sauka, tun da kaki ba ya jure ruwa da laka, ni zan riƙa goge ki ina sabunta wankan, ke kuma ki yi haƙuri da kwanan zaure, kada ki rama da tsatsa. Na biyu, ki saki gefen jallabiyata, wanda kika mayar abin taunarki. In kika saɓa, akwai sababbin sarƙoƙi rataye a kasuwar Wad Madani, ƙofar garken awakina kuma ta daɗe tana neman abin ɗauri.

Haza wassalam.