Alhaji Ba Ya Ribas a Gaban Jama'a

A ƙasar nan babu makarantar da ke yaye kanikawa da sauri kamar motar da ta tsaya a bakin titi. Kafin mai ita ya gama salati, mai shayi ya baro tukunyarsa, mai faci ya taso, ɗan acaɓa ya yi fakin, kowa da fatawarsa a baki. Abin ya fi armashi idan tsohuwar Land Cruiser ce ko Hilux, irin masu sandar giya biyu, kuma ƙaramar ce ta kafe.

Ita wannan ƙaramar sanda mai rubutun H2, H4, N da L4, aikinta rabon ƙarfin inji: ko ya tafi tayoyin baya kaɗai, ko ya game duka huɗun saboda laka da yashi. Direban da ke ratsa sahara daga Agadas kullum hannunsa na kanta. Amma a wurin Alhajin birni wani muƙamin aka ba ta. A nan ake rataye carbi, a nan ake saƙala ledar tsire, domin ba don daji aka sayi motar ba, don a gan ta a wurin ɗaurin aure ne. Sai ranar da ruwan Agusta ya ritsa shi a hanyar ƙauyen su Hajiya yake tunawa da ita. Ya ja da kyar ta shiga, ya fita daga laka, ya hau kwalta har cikin gari yana amsa waya. Da ya zo mayar da ita, ta ce ba ta san zancen ba.

"Alhaji, fulogi ne," in ji mai shayi, alhali motar dizal take sha. Ɗan acaɓa ya ce a cire kan batir a mayar. Wani dattijo ya leƙa ta taga, ya girgiza kai, ya ce wannan da hannu a ciki. Wannan fatawar ce ta fi kwanta wa Alhaji a rai, don ta tabbatar masa ya kai matsayin da ake yi masa hassada.

Hannun kuwa nasa ne. Irin waɗannan motoci, in an haɗa gaba da baya, babu abin da ke sasanta gudun su biyun. Ga shi a duk kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A laka taya kan ɗan zame, bambancin ya wuce. Kwalta ba ta yarda a zame, sai ƙarafan su yi ta murɗuwa har haƙoran giyar su cije juna. Balle tayoyin Alhaji, huɗu ne kowace da ubanta, wata sabuwa, wata 'yar gwanjo da ta gama aikinta a Turai, tsayinsu ma bai zo ɗaya ba.

Maganin ba ya cin ko sisi. A miƙe sitiyari, a yi ribas 'yan taku kaɗan ana tura sandar a hankali, sau da yawa sai ka ji ta faɗa da kanta. In ta ƙi, a daƙile sauran tayoyin da dutse, a ɗaga tayar gaba guda da jak, a matsa gefe, don takan juya da ƙarfi lokacin da murɗar ta saki. Shiga L4 ko fita daga ita kuma sai mota ta tsaya cak, an taka kuloci. Idan tsatsa ce ta kama gindin sandar, man fesawa da giris da ɗan haƙuri sun isa, sannan a duba man da ke cikin akwatin giyar. Littafin Toyota ma cewa ya yi a riƙa tafiyar kilomita 16 da tayoyi huɗu kowane wata don mai ya zagaya. Sai dai littafin, tuni aka naɗe ƙosai da shi.

To amma wa zai ce wa babban mutum ya ja da baya a gaban jama'a? Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma Alhaji a layya kawai ya san rago. Don haka sai a kira ƙaton unguwa, ya zura bututun ƙarfe a sandar, wani na taya shi da guduma, sauran na cewa "saura kaɗan!" Can sai ka ji ƙas. Abin da ribas zai warware a kyauta ya koma tafiya Ƙofar Ruwa neman kayan gyara. Taron ya watse, kowa na cewa dama shi ya faɗa.

Mai irin wannan mota, sauke carbin nan ka motsa sandar wata-wata a hanyar ƙasa. Kai kuma mai shayi, koma ga tukunyarka, madararka na zuba.