Masu Fatsa da Rigimar Koto a Hunturu

Da hunturu ya kankama a Disamba, ruwan kogin Bunsuru da na Gagare ya ja baya ya bar gurabe, sai gardamar koto ta tashi tsakanin masu fatsa, daga Tozai har Isa da Sabon Birni. A ganina, babu abin da ake ɗora wa laifin da ba nasa ba kamar abin da ke bakin ƙugiya.

Akwai Mai Sirri, wanda ke kwaɓa dusa da wani abu cikin tsohon gwangwani, yana juya baya kada a gani. In ya kama, haɗinsa ne. In ya tashi hannu rabbana, wani ne ya yi masa baki. Kusa da shi ga Sarkin Ɗoyi, mai hanjin kazar da ya kwana uku a leda, wanda ƙudaje ke riga shi isa gulbi, abokan zama kuma su matsa can gaba. Sai Ɗan Zamani, da ya ga Turawan gabar Kanada a waya suna jan salmon da kifin roba mai walƙiya, ya yi odar irinsa. Ya manta cewa salmon da ido yake farauta a teku, tarwaɗa kuwa a gindin laka take lalube da gashin baki, galibi cikin dare. Robar tasa takan ƙare a saiwar bishiya, shi kuma a kan tudu yana lissafin kuɗinsa.

Mai Sirri da Sarkin Ɗoyi za su ce ai wari na kiran kifi, kuma ba su yi ƙarya ba: tarwaɗa na ɗanɗano da fatarta ma, shi ya sa har gutsuren sabulu ke ja mata rai. Amma kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa yake bi. Karfasa na rage ci idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, ta lafe a zurfi. Wanda ya jefa ƙugiya a bakin gaɓa da sanyin asuba, ko kilishi ya soka, ruwa kawai yake ciyarwa. Tsohon Basarke kuwa, mai tana biyu da gara a ƙoƙo, sai hantsi ya dubi ludayi yake fitowa, ya nufi gurbin da ya sani tun yana yaro. Shi ne ba ya gardama, kuma gidansa ake jin ƙamshin suya.

Na bar Mai Gamalin a ƙarshe don nasa ba abin dariya ba ne. Yana zuba gubar Gamalin a gurbi, ya kashe uwa da 'ya'ya, ya kai kasuwa mutane su ci. Wannan a kai shi gaban Sarkin Ruwa da hukuma kawai.