Wasiƙa Zuwa Ga Wayar Salula, Mai Neman Sarautar Madugu

Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci, zuwa ga mai alfarma Wayar Salula, wadda tun saukarta ƙasar nan a 2001 ba a ga baƙon da ya mallake masu masaukinsa kamarta ba.

Bayan haka, ranki ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne in kawo ƙararki gare ki, tunda babu alƙalin da zai saurare ni ba tare da kina cikin aljihunsa ba. Mun ƙulla alkawari da ke cewa za mu yi tattaki da ƙafa daga Bebeji, mu ɓulla Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, mu sauka Tudun Wada, mu keta dajin Falgore zuwa Doguwa, har duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, bisa sharaɗin cewa ni ne mai sawu, ke kuwa kin ɗauki dukkan muƙaman ayari ke kaɗai.

Ya kamata ki san ƙasar da kika yi wannan da'awa a cikinta. Bebeji tsohon garin fatake ne, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma mutanen wannan nahiya sun yi watanni suna takawa zuwa Gwanja saro goro, ƙarƙashin madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai lura da zango da guzuri, da malamin ayari mai riƙon lissafi da addu'a. To, bari in bi waɗannan muƙamai ɗaya bayan ɗaya, domin a yi miki hisabi da adalci.

Game da jagabanci, na shaida cewa muddin muna bakin kwalta babu mai ja da ke, har kina gaya mini in yi dama ko hagu a inda makaho ma ba zai ɓata ba. Amma da muka shiga Falgore, inda burtali ya rarrabu, itatuwa suka rufe, sai sabis ya yi ƙaura, kika nuna mini wani ɗigo shuɗi tsaye a tsakiyar farin fili, kina cewa ga inda nake, alhali kuwa ni ban taɓa shakkar ina inda nake ba, abin da nake nema shi ne inda zan nufa. Daga baya masana suka fahimtar da ni cewa taurarin ɗan Adam suna gaya miki matsayinki ko babu sabis, illa dai taswirar sai an sauke ta tun daga gari. Wannan kuwa ilimi ne da kika ɓoye, kuma kin san abin da malamai suka faɗa game da mai ɓoye ilimi. Wani makiyayi ne ya fitar da mu, da nunin sanda, bai kuma nemi data ba.

Game da uban dawaki, aikinsa ya ciyar da ayari, amma ke ayari ke ciyar da ke. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwame: ya yi ƙasaru, ya ajiye azumi ya rama, in ya rasa ruwa ya yi taimama. Ke kuwa mazhabarki ba ta san rangwame ba, domin idan caji ya ƙare ba kya karɓar madadi, ba kya jin magiya, kuma a daidai wurin da sabis ya yi rauni nan kike ninka cin batir wajen lalubensa. Saboda nafaƙarki na ɗauki ma'ajiyar wuta mai nauyi da faifan sola a bayan jaka, na naɗe ki cikin leda don ruwan damina, na kare ki daga rana ina gasuwa a cikinta, kuma duk ƙauyen da muka sauka, kafin in tambayi masallaci ko mai abinci, sai na tambayi rumfar mai caji. Kin kuma rantse cewa dukiyata tana hannunki amana, amma mai fura a bakin daji ta ce ita tsaba ta sani, na tsaya gabanta mawadaci a cikinki, fakiri a zahiri.

Game da malanta, a nan ba zan zalunce ki ba. Kin nuna alƙibla ranar da hadari ya rufe gabas, kin kiyaye lokutan salla, kin ƙidaya tafiyar har ta haura mil 48 da Malikawa suka sharɗanta wa ƙasaru, kin haska mini ƙasa da dare saboda macizai, kuma da na hau kan dutse na ɗaga ki sama kin isar da muryata ga iyali. Sai dai ko a nan ƙanwarki, ƙaramar nan mai madannai da makiyaya ke ratayawa, ta fi ki ƙana'a, don takan yi kwanaki da ci ɗaya.

Saboda haka ga hukunci. An tuɓe ki daga neman sarautar madugu, an hana ki jagabanci a duk inda kwalta ta ƙare, an bar miki muƙamin malamin ayari da riƙon fitila, bisa sharaɗin ki yi barci tsakanin zango da zango. Duk wanda ya yi niyyar wannan hanya kuwa, ya sauke taswirarsa tun yana gari, ya riƙe tsabar kuɗi, ya nemi shawarar ma'aikatan gandun daji kafin ya shiga Falgore, kada ya shiga da dare ko shi kaɗai, kuma ya yi sallama ga mutanen da ya tarar ya tambaye su hanya, gama matambayi ba ya ɓata.

Haza wassalam.

Naki, mai ɗawainiya da ke,
Wani matafiyi